An Harbi Rigar Babana a Jiratawa

Ku gyara zama, amma kada wanda ya yi saurin tausaya mani. Wannan karon ba Baffa ne mai laifi ba, ba kuma Hafizu ba. Ni ce. Ni Tahira, 'yar marigayi Alhaji Chaibu ta unguwar Zariya a Maradi, ni na buɗe akwatin Innata da hannuna na ɗauki abin da ba nawa ba.

Shekarar tazarce ce, gari ya ƙi zama wuri ɗaya. Yau a ce yajin aiki, gobe a ce kada a buɗe kasuwa, jibi ka hango hayaƙin taya ta wajen babban titi. Kowa da rediyo a kunne, kowa kuma da nasa labarin da ya fi na rediyo zafi. A cikin wannan shekara Baba ya rasu. Hawan jini ne, a kan gadonsa, da kalmar shahada a bakinsa, Inna tana riƙe da hannunsa. Ku riƙe wannan, don za ku buƙace shi a gaba.

Da aka zo rabon tufafinsa Inna ta bari ana ta rabawa, sai da aka kai kan riga guda. Farar shadda ce, babbar riga mai aikin hannu, wadda ya ɗinka shekarar da aka fara zaɓe. Ta roƙi 'yan'uwansa su bar mata ita, suka bari. A bayan rigar, ƙasa kaɗan da wuya, akwai wani ɗan ganye da aka zana da zare mai ruwan ƙasa. Ba adon tela ba ne. Inna ce ta taɓa ƙona wurin tana turara masa ita a kan kasko, ta zauna ta rufe ƙunar da allura. Baba ya ƙi a sake aikin, ya ce ganyen nan ya fi masa duk sauran zaren da ke jikin rigar. Tun rasuwarsa rigar tana ƙasan akwatin ƙarfe, a naɗe cikin zane, da ƙullin turare a gefenta.

Hafizu kuwa, wanda zuciyata ta nace wa, gyaran portabul, wato wayar hannu, yake yi a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Siriri ne, mai kunya, idan ya zo gaida Inna har gumi yake. To wannan bawan Allah da ba ya iya yanka kaza sai ya rufe ido, shi aka ba matsayin makashi a fim ɗin da ƙungiyarsu take haɗawa. Labarin wani mutum ne da kisa ya zama sana'arsa. Ana ba shi suna a takarda, ya naɗa baƙin rawani ya rufe fuska, ya bi mutum. Ƙa'idarsa guda ce, ba ya kallon fuskar wanda zai kashe, ta baya yake harbi, don kada idon mamaci ya bi shi gida.

Baffa Idirisa, ƙanen Baba da ke Tsibiri, shi ne waliyyina. Ranar da ya ji Hafizu yana fim sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗan wasa? Ɗiyar Chaibu za a ba ɗan wasa? Mutanen da ka mutuwa yau, gobe ka gan su kasuwa suna cin tsire?"

Wata huɗu Inna tana lallaɓa shi. Ita ce ta tsaya mana, ta ce yaron yana da sana'a, yana da ladabi, wasan kuma ƙuruciya ce. Ku lura da kyau, matar da ta tsaya mana ita na yi wa abin da na yi.

Wata ranar Litinin da la'asar Hafizu ya zo zance, muna zaune a dakalin ƙofar gida, na ga duk ya yi sanyi.

"Mi ya faru?"

"Fim ya tsaya. Saura wuri guda, inda zan harbe attajirin, amma mun rasa riga."

"Duk Alhazan Maradi a rasa babbar riga?"

"Akwai ta. Sai an hwaɗa masu mutuwa za a yi cikinta, sai kowa ya ce a'a, ba a yi mashi mugun baki. Wani har korar Maman Lawali ya yi."

Maman Lawali shi ne mai fim ɗin, shi kuma zai fito a attajirin. Dattijo ne mai jiki, tsohon ɗan wasan rediyo. Hafizu ya yi 'yar dariya ya ce, "Sai dai mu samu rigar wanda ya riga ya mutu, shi ba ya tsoron komi."

Wasa yake yi, na rantse. Bai roƙe ni ba. Ni ce bakina ya riga hankalina, don ina so ya kalle ni irin kallon nan da yake mani idan na burge shi.

"Akwai ta Baba."

Ya ce a'a har sau biyu. A na uku ya ce, "Ta baya kawai za a ɗauka, ba mai gane ta. Jini kuma a ƙasa za mu zuba. Safe a ɗauka, azahar ta dawo."

Ranar Laraba Inna ta tafi barka, na ɗaga katifarta na ɗauki ɗan makulli. Da na buɗe akwatin ƙamshin Baba ya buso ni, har sai da na zauna a ƙasa. Da ina da wayo da nan na rufe. Na tura rigar cikin jakar leda, na zura hijabi ruwan toka, na tari kabu-kabu zuwa Jiratawa, da niyyar in ce zogala na je saye.

A bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, suka shirya, tsakanin fadamar tattasai da layin itatuwan zogala. Manoma sun bar aiki sun yi cirko-cirko suna kallo. Maman Lawali ya zura rigar, ya kafa hula, ya juya baya ya fara tafiya a kan gaɓar kanal, hannu ɗaya a baya yana jan carbi. Sai na ga kamar Baba. Tsayin ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya, har ɗan jan ƙafar nan. Sai ga Hafizu ya fito daga cikin zogala da baƙin rawani, ido kawai ake gani, da bindigar katako da suka shafa wa baƙin fenti. Ban san shi ba a wannan lokacin. Tafiyarsa ma ta sake.

Ya ɗaga hannu. Maman Lawali ya gantsare, ya kai hannu bayansa kamar mai dafe ciwo, sai na ga ja yana tsatsowa ta cikin farar shadda, daidai gefen ganyen Inna.

Ashe ya ɗaura leda a bayansa, cike da zoɓo da aka dafa ya yi kauri aka haɗa da jan galura. Hafizu ya fizge rawani ya yi kansa da faɗa, shi kuwa yana kwance a ƙasa yana cewa, "Mutuwa ba jini wa zai saye ta? Ai wanki na fidda shi."

Wanki bai fidda shi ba. Na sa sabulu, na sa lemun tsami, na sa toka. Na sa jabel, ruwan wankin nan mai cire launi, sai jan ya koma ruwan hanta, ya zauna daram, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Na shanya ta a ɗakina da ƙofa a rufe, na goge, na naɗe tabon ta ciki, na mayar ƙasan akwati kafin Inna ta lura. Har zogalar na manta ban sayo ba, na ce ta yi tsada.

Sati uku na yi ba ni da sukuni. Inna ta nufi ɗakinta, in bi ta da ido. Ta ce in miƙo mata zane, in yi wuf in ɗauko don kada ta kusanci akwatin. Abinci ya daina shiga, har ta fara tsokanata wai tun ba a sa rana ba amarya ta fara rama. Saƙon Hafizu kuwa ba ya yankewa.

"Kin tashi lfy? Mu hwaɗa ma Inna kawai."

"Kar ka soma."

"To in kai ta marina a rina ta baƙi?"

"In ce mata mi? Aljanu sun rina?"

"Ki yafe mani Tahira."

"Ba kai ka buɗe akwati ba."

Sai ga abin da muka yi wata huɗu muna roƙo ya zo. Baffa ya aiko cewa ya amince, magabatan Hafizu su zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a sa rana. Inna ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban ji ta yi ba tun rasuwar Baba. Ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a tabarma.

"Kin san abin da na yi tunani? Rigar babanki zan fiddo in ba Baffanki ya sa ranar. Tun da Allah bai nuhe shi da ganin wannan rana ba, ko rigarshi ta zauna cikin mutane."

Na ce, "To, Inna." Me kuke so in ce? Na shiga ɗaki na rubuta wa Hafizu.

"Juma'a za ta fiddo rigar."

Amsarsa ta fi tawa muni.

"Akwai wata matsalar. Maman Lawali ya saki wurin harbin a wayoyi, wai talla. Ya cire sunan fim, ya sa ƙarar bindiga. Mutum bakwai sun zo rumfata yau in tura masu."

A garin da kowa ke jiran mugun labari, kwana biyu ya ishe shi. Daga waya zuwa waya, daga wannan fada ta samari zuwa waccan, kafin shayi ya tafasa an tura wa na gefe. A famfo na ji mata suna cewa an harbe wani Alhaji a Jiratawa. Wata ta ce ɗan adawa ne, wata ta ce a'a, na gwamnati ne, ta uku ta rantse ta san matarsa. Na ɗauki bokitina rabi na dawo gida.

Ranar Laraba da hantsi Baffa ya iso daga Tsibiri a kan babur ɗinsa, da buhun gero a baya na hidimar baƙi. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiya, na kawo ruwa da fura. Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faranti, da mayafinta baƙi. Bayan gaisuwa ya laluba aljihu ya fiddo wayarsa.

"Fasuma, kin ga abin da anka yi Jiratawa? Ƙasar ga ta lalace. Rana tsaka, mutum shina tahiya cikin gona."

Na ce, "Baffa, furar za ta yi tsami."

Ko kallona bai yi ba. Ya latsa, ya nuna wa Inna. Allon wayar bai fi akwatin ashana ba, hoton ma duk ya dusashe, na ce a raina ƙila Allah ya rufa mani asiri. Ina jin kukan tsuntsayen kanal yana fitowa daga wayar, da takun takalmi. Sai mai ɗaukar hoton ya matso da kyamara kusa da bayan mai tafiya, don a nuna inda makashi yake auna.

Hannun Inna ya tsaya cikin shinkafa.

Ƙarar bindiga ta tashi. Ba ta firgita ba. Ta dai ce, "Maido shi baya."

Baffa ya maido. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kai ta kusa da fuska. Mutumin ya fara tafiya a gaɓar kanal, carbi a baya. Kafin mai rawani ya fito ta ce, "Tsaida. Maido." Ya maido. Sau huɗu tana sa shi, kullum tana tsayar da shi kafin harbin. A na huɗun na ga tana shafa allon da babban yatsa, hawaye yana sauka a kan mayafinta, ba sauti.

Baffa ya rikice. "Kin san shi ne?"

"Na san rigar. Ni na yi ganyen nan."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ciro makulli daga bakin zanenta, ashe tun ranar guɗar ta ɗauko shi daga ƙarƙashin katifa, ta ajiye a kan tabarma tsakanina da ita.

Na so in ce ban sani ba. Na so in ce ƙila irin rigar ce. Amma ƙafafuna suka kai ni ɗaki, na ɗauko ta, na durƙusa na warware a gabansu. Tabon ya bayyana a rana, ya fi yadda nake ganinsa a ɗaki muni. Na faɗi komai, tun daga dakali har jabel. Na ce fim ne, ba wanda ya mutu, bindigar katako ce, jinin zoɓo ne. Na ce Hafizu bai roƙa ba, ni na kai.

Baffa ya miƙe tsaye, hularsa har ta karkace.

"Wato mai rawanin ga shi na surukin? Shi na ka zuwa jibi in ba shi ɗiyar ɗan'uwana? Ya sa rigar Chaibu ga wani ƙato, ya harbe ta, duniya tana kallo? Fasuma, na hwaɗa maki tun farko. Babu Juma'a. In sunka zo, ni da kaina zan koma da su."

Ni dai kaina yana ƙasa, ina kallon tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa. Tsoron Baffa bai kai rabin tsoron shirun Inna ba. Ta jawo rigar kan cinyarta, ta lalubi ganyen, ta ga yana nan, jan ya ci rabinsa.

"Tahira."

"Na'am, Inna."

"Babanki a hannuna ya cika, lahiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Wata takwas ina roƙon Allah ya nuna mani shi ko a mafarki, shina tahiya, ban gani ba. Yau na gan shi. Kuma kun harbe shi."

Da ta mare ni da ya fi mani sauƙi. Na fashe da kuka, na kama ƙafarta ina ba ta haƙuri. Ba ta janye ba, ba ta kuma dafa ni ba.

Baffa ya ce, "To kin ji. Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, Malam Idirisa. Juma'a tana nan."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ƙanen mijinta ba.

"Ɗiyarka ce, kai ka ba da ita ko ka hana, ban ƙwace maka ba. Amma rigar tawa ce, ku kuka bar mani. Na ce za ta zauna cikin mutane ranar Juma'a, kuma za ta zauna." Ta ninke ta a hankali, wannan karon tabon a waje. "Yaron zai sa ta. Haka nan yadda take, ba wanki, ba rini. Ya shigo da ita gaban magabatanshi da namu, ba rawani, ya gaida kowa, ya juya baya su gani, ya hwaɗi da bakinshi abin da ya same ta."

"Inna, mutane za su..."

"Mutane sun riga sun gani, har Tsibiri. Rufe fuska a harbi mutum ta baya ba wuya. Ina so in ga ko ya iya shigowa da fuskarshi a buɗe. In ya iya, Baffanki ya yi abin da ya ga dama. In bai iya ba, kin huta, na huta."

Baffa ya koma ya zauna. Ya ja gemu ya ce, "Ba ya zuwa. Ɗan wasa ba ya zuwa inda kunya ta gaske take."

Inna ta ɗora mani rigar a hannu. "Ke kika fitar da ita, ke za ki kai mashi."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da rigar a cinyata. Ƙamshin Baba ya tafi, sai warin jabel. Na san Hafizu. Na san mutumin da gaisuwa kawai take sa shi gumi. Na san mahaifinsa, limamin unguwarsu ne, wanda har yau bai san ɗansa ne mai baƙin rawanin da ake yawo da shi a wayoyi ba. Abin da Inna ta nema ya fi a ce ya sha wuta, kuma ni na jawo masa.

Na rubuta masa duka, bai shiga saƙo ɗaya ba sai da ya kasu uku. Na tura. Na ajiye wayar a kan rigar, na ɗauka, na ajiye. Aka kira azahar, na yi salla ban san me na karanta ba. Na leƙa tsakar gida, Baffa ya tafi masallaci ya bar wayarsa, Inna tana zaune ita kaɗai da wayar a hannu, ta koyi inda ake latsawa. Tana kallon tafiyar, tana tsayarwa, tana maidowa.

Har la'asar shiru. Na fara shirya yadda zan gaya wa zuciyata Baffa ya yi gaskiya. Na ɗauko jakar ledar nan dai da na fitar da rigar a cikinta, na ce ko ya amsa ko bai amsa ba, sai na kai masa rumfa ya faɗa mani a ido.

Ina zura hijabi wayar ta yi ƙara. Na daɗe ban buɗe ba.

"Na hwaɗa ma babana, ya ce zai zauna sahun gaba ya gani. Ki kawo ta. Rigar tana da hula, ko in zo da tawa?"